Kunkurun tsakar gida: amanar da ta fi mai gida tsawon rai

A cikin tsofaffin gidajen Birnin Damagaram, da na Maraɗi da Tawa, har ma da gidajen wasu manyan ma'aikata a Yamai, baƙo yakan shiga tsakar gida ya hangi wani abu a gindin katanga, ya zaci turmi ne aka kife. Sai an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, sa'an nan ya ga turmin ya miƙa wuya, ya ɗaga ƙafa, ya nufo shi a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Mutanen gida su yi dariya, su shaida masa cewa kunkuru ne, kuma ya girmi dukan yaran da ke wurin.

In an bi sawun yadda ya shigo gidan, labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani direban babbar mota ne ya tsince shi a hanyar arewa, ko wani makiyayi ya kawo shi kasuwa, ko kuwa tsaraba ce aka kawo wa Alhaji daga daji lokacin da bai wuce tafin hannu ba. Aka sake shi cikin gida don yara su yi wasa. Yaran suka girma, wasu suka yi aure suka tashi, shi kuwa yana nan, har ya kai sai ƙarti biyu ke iya ɗaga shi. Akwai masu ajiye shi don ado da nuna isa, akwai masu cewa yana kare gida daga baki da sammu, ko yana jawo tsawon rai, maganar da malamai ba su amince da ita ba.

Abin mamaki shi ne ƙarancin sanin da ake yi masa, duk da wannan dogon zama tare. Abu uku ake yawan faɗi a kansa: wai ba ya zaɓen abinci, wai ba ya ciwo, wai kuma ba ya ƙarewa a daji. Babu ko ɗaya cikin ukun da yake gaskiya, kuma saboda su ne kunkurayen gidaje da yawa ke mutuwa tun ba su kai rabin kwanansu ba.

Ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba

Wajibi ne a fara bambanta shi da kififfiya, wadda ke zaune cikin tabki da gulbi, mai ƙafafun iyo, mai cin kifi da kwaɗi. Wanda ake magana a kansa na tudu ne, ciyawa yake ci, kuma bai iya iyo ba ko kaɗan; in ya faɗa ruwa mai zurfi nutsewa yake yi. Da faransanci ana ce masa tortue sillonnée, masana kuma suna kiransa Centrochelys sulcata. Kalmar sulcata daga latinanci take, tana nufin mai kunya-kunya kamar ta gona, saboda layukan da ke kan ƙoƙon bayansa. Wani mai zane ɗan Ingila, John Frederick Miller, shi ya fara ba shi suna cikin littattafan masana a 1779, sai dai ya kuskure mahaifarsa, ya kai shi can tsibiran yammacin teku, alhali kuwa dabbar Sahel ce tsantsa. Mazauninta ya miƙe kamar ɗamara a bakin hamada, tun daga Muritaniya da Senegal, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Cadi, har zuwa Sudan da Eritiriya da Habasha.

Wajen girma, shi ne na uku a duniya. Waɗanda suka fi shi biyu ne kawai, na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra, kuma dukansu mazauna tsibiri ne. Wato a kan babbar ƙasa, a dukan nahiyoyi, babu kunkurun da ya kai na Sahel. Ƙasaitaccen namiji tsawon ƙoƙonsa yana haura santimita 80, nauyinsa yana iya kai kilo 100, daidai da babban buhun hatsi. Mace ba ta kai haka ba. Amma ranar da aka ƙyanƙyashe shi bai fi santimita 5 ba, yana shiga aljihun riga. A nan ne tarkon yake: mai karɓar tsaraba yana kallon abin aljihu, bai san buhu ya karɓa ba.

Ana gane shi da launinsa na rairayi, da manyan ɓawo masu kauri a ƙafafun gaba, da wasu tsini biyu ko uku kamar ƙananan ƙahoni a bayan cinya. Namiji cikinsa lotsattse ne, wutsiyarsa doguwa; mace cikinta shimfiɗaɗɗe, wutsiyarta gajera. Wannan bambanci ba ya fitowa sai ya yi shekaru, shi ya sa gidaje da yawa suka daɗe suna kiran nasu da sunan namiji, sai ranar da ya tona rami ya zuba ƙwai.

Batun shekaru kuwa, a nan ake zuguguntawa. Ba wuya a ji an ce na gidan wane ya shekara 200 ko 300. Abin da aka tabbatar shi ne wannan iri yana wuce shekara 70 in ya samu kulawa. Kunkurun da ya fi suna wajen tsufa a duniya, mai suna Jonatan, ba irin na Sahel ba ne. Daga tsibiran Seshel aka kai shi tsibirin Sant Helena a 1882, tsibirin nan da Napoleyon ya mutu a tsare, kuma an ƙiyasta an ƙyanƙyashe shi wajen 1832. Masu ƙirga zoben ƙoƙo don sanin shekaru su ma su yi hattara: zoben yana nuna lokutan ƙoshi da na yunwa ne, wanda ake ciyarwa a gida yana iya yin fiye da ɗaya a shekara, na tsoho kuma sukan goge.

Yadda yake rayuwa inda Allah ya ajiye shi

Wanda bai san zamansa a daji ba, ba zai gane abin da gida ke hana shi ba. Rayuwarsa kaf a kan rami take. Ƙafafunsa na gaba kamar hauya suke, da su yake tona rami mai gangara wanda ke shiga mita da yawa cikin ƙasa, har inda akwai laima da sanyi. Lokacin bazara, sa'ad da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, can ƙasa yake kwance, wani lokaci makonni bai leƙo ba, jikinsa ya rage aiki ƙwarai. Da sanyin hunturu ma ramin ne bargonsa, domin jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya ko na mutum. Zafin wurin da yake shi ne zafinsa. Ko cikin damana, da sassafe da kuma la'asar sakaliya yake fita kiwo. In rana ta rutsa da shi a fili, yakan zubo da yawu ya shafe ƙafafun gaba don ya samu sauƙi, kuma wannan alama ce ta wahala.

Ramin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Ƙadangaru da macizai da ƙananan namun daji da ƙwari suna fakewa a ciki, kuma irin ciyawa da ke fita cikin kashinsa yana tsirowa inda ya zubar. Saboda haka ƙarewarsa a wani yanki tana shafar wasu halittu da dama.

Wajen ruwa, ya fi raƙumi tattali. Mafi yawan ruwan da yake samu daga ɗanyar ciyawa ne da ganyaye masu ruwa. In an yi sama yakan sha ya cika, ya adana cikin mafitsara, jikinsa ya riƙa ja daga can sannu a hankali. Don kada ya yi asarar ruwa, dattin jininsa yana fita ne kamar farin kunu mai kauri, irin na kashin tsuntsu. Wannan ya sa ɗaga shi sama don wasa ba ƙaramin laifi ba ne: in ya tsorata yakan saki fitsarin gaba ɗaya, yara su yi ta dariya, alhali guzurin da ya tara ne ya zube.

Barbara takan kama bayan damana, lokacin kaka. A nan ne wanda ake yi wa kallon salihi ke nuna halinsa. Hausawa na cewa kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa. Da mai karin maganar ya ga maza biyu sun haɗu, da ya sake shawara. Akwai wani tsini mai baki biyu a gaban ƙoƙon cikinsu, ƙarƙashin wuya, da shi suke karo kamar raguna, kowa na neman ya kifar da ɗan'uwansa. Wanda aka kifar a rana, in bai samu juyawa ba, ajalinsa ke nan. Kimanin wata biyu bayan haka mace takan yi ta yawo tana gwada tono a wurare, har ta samu wanda ya yi mata, ta zuba ƙwai farare, kewayayyu, tsakanin 15 da 30, ta rufe, ta daddale da cikinta, ta tafi abinta. Ba ta kwanci, ba ta reno. Zafin ƙasa ne ke ƙyanƙyashewa, kuma shi ke raba maza da mata: in ramin ya yi ɗumi sosai mata suka fi fitowa, in ya yi sanyi-sanyi maza. Inda ɗumi bai yankewa, wata 3 zuwa 4 ya isa. A daji ƙananan sukan daɗe fiye da haka, sai ruwan farko ya tausasa ƙasa suke fitowa. Daga nan dila da damo da shaho da hankaka ke rabon su. Ɗan abin da ya tsira sai ya shekara 10 zuwa 15 kafin shi ma ya haihu.

Tuwo ba abincinsa ba ne

To, a ɗauki wannan dabba a sa ta cikin gida mai daɓen siminti, a ga abin da zai faru.

Kuskure na farko abinci ne. Da yake ba ya ƙin abin da aka ba shi, sai ya zama shi ne kwandon sharar gida: sauran tuwo, shinkafa da miya, wake, burodi, gaya, wani lokaci har nama. Yana ci kuwa, da marmari, kamar yadda akuya ke cin hatsi har ya kumbura ta. Amma cikinsa an yi shi ne don ciyawa mai kaushi, wadda ke daɗewa tana narkewa. Abinci mai maiƙo da wake da nama suna sa shi girma da sauri fiye da ƙima, ƙoƙon ya fito tudu-tudu kamar jerin tulluwa maimakon ya yi sumul, ƙoda ta gaji, tsakuwa ta taru cikin mafitsara har ta kai girman dunƙulen hannu. Mai gida yana ganin tudun nan ya ce ado ne, ko alamar tsufa. Wanda ya taɓa ganin na daji ya san nasa bayan a shafe yake. Rashin laima lokacin ƙuruciya ma yana ƙara wannan nakasa, domin ƙaramin da ke daji cikin rami mai laima yake girma. In ƙoƙo ya riga ya karkace, babu gyara.

Abin da ya dace da shi bai kai tuwo tsada ba. Ciyawa ce, ɗanya da damana, busasshiya da rani, irin wadda ake sayarwa a amalanke don tumaki: guɗe-guɗe, ƙyasuwa, kiri-kiri da makamantansu. Ita ce za ta zama mafi yawan cimarsa. A kan ta ana iya ƙara ganyen yakuwa, da na rama, da na kabewa. Harawar wake da ta gyaɗa kaɗan-kaɗan, don suna da ƙarfi. Salati ba ya cutarwa amma kusan ruwa ne zalla. Mangwaro da kankana da tumatir yana son su ƙwarai, sai dai zaƙi na ɓata masa ciki, a bar su sai jefi-jefi. Yana bukatar sinadarin gina ƙashi, wanda likitoci ke kira kalsiyom. A daji yakan gwaigwayi busasshen ƙashi don ya same shi, a gida kuwa ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka ya wadatar. Hasken rana ne ke sa jikinsa ya amfana da sinadarin, saboda haka wanda aka kulle cikin ɗaki ko mangaza ƙoƙonsa laushi yake yi. Ruwa kuma a ajiye masa kullum cikin faffaɗan abu marar zurfi. Maganar da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa ta kashe da yawa.

Akwai kuma abin da yake tsinta da kansa. Leda ita ce ta farko, musamman mai ƙanshin abinci. Yana haɗiye ta kamar yadda awakin gari ke yi, ta toshe hanji. Sai maganin ɓera, da ciyawar da aka fesa wa maganin ƙwari, da furen loriye da ake shukawa don ado a gidajen ma'aikata, wanda ganyensa guba ne ga dabba da mutum.

Kuskure na biyu ya fi muni, kuma shi ya fi yawa. Don kada ya fita, sai a kira maƙeri ko mai gyaran mota ya huda gefen ƙoƙon, a zura waya ko sarƙa, a ɗaure a gindin itace. Masu yin haka suna zaton ƙoƙon kamar kofato yake ko ƙwarya. Ba haka ba ne. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama rufi, akwai jini da jijiya a ciki, yana jin ko shafar hannu. Huda shi daidai yake da huda haƙarƙarin rago a zura igiya. Ramin yakan ruɓe, ko ya tsage in dabbar ta ja da ƙarfi. Haka nan shafa masa fenti ko baƙin mai don ya yi sheƙi cuta ce. Kowane ɗalibin makarantar allo ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ba a ce hukuncin ya tsaya ga kyanwa ba.

Na uku shi ne wuri. Gidajen da, masu faɗin tsakar gida da rairayi da inuwar bedi, sun fi dacewa da shi bisa ga gidajen zamani da aka malale da siminti da karo. A kan daɓe ba ya iya tono, ƙafafunsa na zamewa har su karkace, kuma da tsakar rana daɓen kasko ne. Inda ya samu ƙasa kuwa, tono zai yi, babu mai hana shi, kuma gindin katanga ya fi so. Mai katangar ƙasa ya sani cewa ramin kunkuru da ruwan watan Agusta in suka haɗu, ana iya kwana da katanga a tashi babu ita, ga rigima da maƙwabci. Dabarar ita ce a ware masa gefe guda nesa da gini, a kewaye da ƙaramin bango mai tushe cikin ƙasa, wanda ba ya hangen waje ta cikinsa, domin abin da ya hango sai ya tura. A fara masa tono a tsakiya, a yi rumfa a kai. A rufe bakin rijiya da na masai da na tankin ruwa. Mai mota kuma ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya tayar, saboda inuwar mota na daga wuraren da ya fi so. Cikin Disamba da Janairu, wanda ba shi da rami a zuba masa busasshiyar ciyawa mai yawa a wuri marar iska. In aka ga majina ko kumfa a hancinsa, yana numfashi da baki buɗe, ya daina ci, to ciwon huhu ne, sai a nemi likitan dabbobi, ba jiƙo ba.

Kada a haɗa maza biyu a gida ɗaya. Namiji guda da mace guda ma wahala ce ga macen, don ba ya barin ta ta huta. Shi kaɗai ba ya kewa; a daji ma kowa da raminsa.

Saura batun yara. Kunkuru, kamar sauran masu jan ciki, yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela cikin hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, amma ga jariri da tsoho tana kawo zawo da zazzaɓi mai tsanani. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuraye waɗanda ba su kai santimita 10 ba tun 1975, don yara na sa su a baki. A gidan da ake girki a ƙasa, ake shanya kwanoni a ƙasa, yaro na rarrafe, wajibi ne a raba wurinsa da madafa, a share kashinsa, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Hawan bayansa da yara ke yi kamar jaki shi ma a hana.

Daji ya kusa zama fayau

Tsofaffin makiyaya na Damargu da Azawak sun san lokacin da ganin ramin kunkuru ba labari ba ne. Yau ya zama labari. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun cinye makiyaya, gonaki sun hau arewa, garkunan dabbobi sun taru kewayen rijiyoyi da fanfunan burtsatse suna cinye ciyawar da yake ci, suna tattake ƙanana, gobarar daji kuma tana cin wanda ba ya iya gudu. A wasu wurare ana cin namansa, ana kai sassan jikinsa ga masu magani. A kan wannan duka sai ga tsinta: don gidajen gari, da kuma don fatauci zuwa ƙetare. Dabbar da ke shekara 10 ko 15 kafin ta haihu, in aka ɗauke manyan mata kaɗan daga wani kwari, an rufe zuri'ar kwarin ke nan. A Nijar, inda aka san ya rage sun haɗa da yankin duwatsun Tarmit, wanda aka mai da gandun kare namun daji a 2012, da gandun W a kudu maso yamma. Ƙungiyar duniya mai lura da halittu, wadda ake kira UICN, ta sa shi cikin masu rauni a 1996, sa'an nan a 2021 ta matsar da shi zuwa jerin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa.

Ƴan kasuwa musamman ya kamata su san inda doka ta tsaya. Nijar na cikin yarjejeniyar CITES tun 1975, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. A taron da aka yi a Kenya a shekara ta 2000, an yanke cewa ba za a ƙara fitar da ko guda ɗaya da aka kamo daga daji don ciniki ba. Wanda aka haifa a wurin kiwo kaɗai ke ƙetare iyaka, shi ma da takarda. A cikin gida, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara sha'anin farauta da kare namun daji. Wanda aka ce ya sa ƴan kunkuraye cikin kwali tsakanin kaya zuwa Kano ko Kwatano ko Lome, ya san ba albasa ya ɗauko ba, kuma duwan da ma'aikatan gandun daji na da ikon kama shi.

Wani abin ban takaici, ko na ban dariya, yana can Amurka. A 2000 ƙasar ta hana shigo da shi, ba don tausayinsa ba, sai don kaskar da ke jikinsa tana iya ɗaukar cutar nan mai tara ruwa a zuciyar shanu da tumaki da awaki, wadda likitocin dabbobi ke kira cowdriose. Amma kafin nan an riga an shigar da masu yawa, kuma sun karɓi ƙasar, suna ta haihuwa a jihohi masu zafi irin su Arizona da Kaliforniya da Fulorida. Har ta kai Amurka na sayar da kunkurun Sahel ga ƙasashen Asiya. Can ma tarkon aljihu da buhu ya kama mutane: suna sayen ƙarami a kanti, in ya girma ya fara rushe shinge su rasa inda za su kai shi, gidajen karɓar dabbobi su cika. Ana neman kai da shi a Arizona, ana neman ganinsa a Damargu.

Ranar rabon gado

Wani mai karatu zai ce, tun da haka ne, bari in sa nawa a mota in kai shi daji in saki. Kada ya yi. Kunkurun da ya shekara 20 cikin kaji da awaki yana iya ɗauke da cutar da zai shafa wa ɗan abin da ya rage a daji. Irin wannan ta faru ga kunkurun hamadar Amurka, inda ake zargin na gida da aka saki da yaɗa ciwon numfashi. Ga shi bai san inda ruwa yake ba, ba ya tsoron mutum, mai tsinta na farko zai mai da shi kasuwa.

Senegal ta nuna yadda ake yi. A ƙauyen Noflaye, kusa da Dakar, an buɗe wani wuri mai suna Village des Tortues a 2001, bisa ƙoƙarin wani ɗan ƙasar, Tomas Diagne, wanda ya samu kyautar Rolex a 1998 saboda wannan aiki, tare da wata ƙungiyar Faransa mai suna SOPTOM. Da yawa daga kunkurayen wurin daga gidajen mutane suka fito. Ana karɓar su, a duba lafiyarsu, a ware su, a mai da su kan ciyawa, su haihu. Daga 2006 aka fara mai da wasu yankin Ferlo a arewa maso gabashin ƙasar, cikin wuri mai tsaro, ana bin sawunsu, tare da yardar makiyayan wurin. Darasin da ke ciki ga Nijar a fili yake: waɗanda ke kwance a gindin katangun Damagaram da Maraɗi iri ne, kamar irin gero da ake ɓoyewa a rumbu shekarar fari, muddin an bar su da lafiyar da za su haihu. Mai macen da ke zuba ƙwai, maimakon ya raba ƙananan tsaraba ga abokai, gara ya sanar da ma'aikatan gandun daji na jaharsa.

Akwai kuma ranar da ba a cika tunawa ba. Mutumin da ya karɓi ƙaramin kunkuru yana da shekara 40, in dabbar ta samu kulawa, jikokinsa ne za su ga tsufanta. In ya rasu ana lissafa gida da gona da kanti da shanu, a kira malami ko alƙali a raba. Kunkuru ba ya shiga lissafi. Gidan a sayar, ko a tsaga shi uku da bulo, sabon mai shi ya malale tsakar gida da siminti. Ma'aikacin gwamnati ma da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Difa, motar kaya takan cika kafin a zo kan mai kilo 60. A irin wannan rana ce yawancinsu ke komawa hannun mahauta ko masu magani, ko a bar su cikin kango ba ruwa. Kaɗan ne ƙwarai cikin masu shi suka taɓa zaunar da ƴaƴansu suka faɗi wanda zai ɗauke shi, da gidan da za a kai shi, da wanda zai riƙa sayen ciyawa.